Chet Atkins: Makaɗin Jitar da Ya Sauya wa Kiɗan Kantiri Riga

Duk wanda ya tashi a biranen Najeriya tsakanin shekarun 1960 da 1980, a Kaduna ne ko Jos ko Kano ko Legas, da wuya a ce bai taɓa jin muryar Jim Reeves ba. Murya ce mai kauri da sanyi, tana fitowa daga garmaho a falon ma'aikacin gwamnati, ko daga kaset ɗin direba, ko daga rediyo da safiyar Lahadi. Da yawa daga masu saurarenta ba su san jihar da mutumin ya fito ba, wasu ma ba sa jin Turancin da yake waƙa da shi, amma muryar ta zauna musu a kunne. A bayan kwalin faifan akwai wani suna da ba kowa ke lura da shi ba: Chet Atkins. Shi ne furodusan da ya zauna da Reeves a sutudiyo suka ƙera wannan sauti, kuma ba Reeves kaɗai ya yi wa haka ba.

Furodusan waƙa shi ke zaɓar abin da mawaƙi zai rera, ya ɗauko makaɗa, ya ce wannan kayan kiɗa zai shiga wancan kuma a ajiye shi, sannan ya zauna bayan gilashi tare da injiniya ana maimaitawa har sai kunnensa ya ji abin da yake nema. Atkins ya riƙe wannan aiki a reshen kamfanin RCA Victor na birnin Nashville daga 1957 har cikin shekarun 1970. A wannan tsakani ne kiɗan kantiri, wanda asalinsa na manoma ne da masu haƙar kwal a kudancin Amurka, ya fita daga ƙauye ya shiga duniya. Sai dai fitar ba kyauta ba ce. An sauke wa kiɗan wasu kaya kafin ya ƙetare, kuma shi kansa mutumin da ya yi saukalen ya biya nasa kason, domin makaɗin jita ne da ba shi da burin da ya wuce ya zauna da jitarsa, aka wayi gari ya zama mai ofis da tarin takardu.

Yaron da ke barci a kan kujera

An haifi Chester Burton Atkins ranar 20 ga Yuni, 1924, a Luttrell, wani ƙauye a tsaunukan gabashin jihar Tennessee. Gidan talakawa ne, amma gidan kiɗa. Mahaifinsa malamin koyar da waƙa ne, wansa Jim wanda suke uba ɗaya kuma ya bi jita har ya kai ga yin kiɗa tare da Les Paul. Iyayensa sun rabu yana ɗan shekara shida. Ya fara da ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, ya koma goge, sannan yana shekara tara ya yi musaya da wani wansa, ya ba shi tsohuwar bindigar hannu ya karɓi jita.

Ciwon asma ya matsa masa tun yana ƙarami, har aka mayar da shi wajen mahaifinsa a jihar Georgia ko canjin iska zai taimaka. Akwai dararen da in ya kwanta numfashi ke gagararsa, sai ya kwana zaune a kujera da jita a cinya, yana taɓa ta har barci ya ɗauke shi. Ciwon ya hana shi wasanni da yawa irin na sa'o'insa, ya kuma ba shi abin da kowane makaɗi ke nema ya rasa, wato dogon lokaci shi kaɗai da kayan kiɗansa.

A 1939 ya kama tashar WLW ta birnin Cincinnati a rediyo, ya ji wani makaɗi mai suna Merle Travis yana yin abin da ya yi kama da aikin mutum biyu: amo mai kauri yana tafiya a ƙasa ba tsayawa, karin waƙar kuma yana tashi a sama, duk daga jita ɗaya. Travis da yatsu biyu yake yin wannan, babban yatsa da manuni. Yaron da ke sauraro daga nesa bai ga hannun ba, sai ya ɗauka ba zai yiwu da yatsu biyu ba, ya shiga koyo da babban yatsa da wasu biyu, wani lokaci uku. Wannan ƙarin yatsun ne ya ba salonsa faɗi da tsabtar da suka bambanta shi da malamin da bai taɓa gani ba a lokacin.

Ya kamata a faɗi inda salon ya samo asali, domin sau da yawa ana tsallake wannan babi. Travis ɗan yankin Muhlenberg ne a jihar Kentucky, ƙasar haƙar kwal, kuma ya koya ne daga Mose Rager da Ike Everly. Su kuma silsilarsu tana komawa ga Arnold Shultz, baƙar fata, lebura kuma makaɗi, wanda ya rasu a 1931 ba tare da an taɓa ɗaukar kiɗansa a faifai ba. Haka ma banjo, wadda ake gani alamar kiɗan fararen ƙauye, bayi ne daga Afirka ta Yamma suka zo da asalinta, 'yar'uwar gurmi da molo ce. Wannan jijiya za ta sake fitowa fili a rayuwar Atkins bayan shekaru.

A 1942 ya bar makaranta ya sami aiki a gidan rediyon WNOX da ke Knoxville, yana goge da jita a bayan Bill Carlisle da Archie Campbell. Shekarun da suka biyo baya na yawo ne: Cincinnati, Nashville na ɗan lokaci tare da Red Foley, Springfield a jihar Missouri, Denver. An sallame shi daga aiki fiye da sau ɗaya, kuma dalilin kusan iri ɗaya ne, wai kiɗansa ya cika gwaninta, ba ya ƙamshin ƙauye. Gaskiya ne kunnensa ya sha Django Reinhardt da Les Paul da sauran makaɗan jaz, ga shi mutum mai kunya wanda ba ya iya tsalle da barkwanci a gaban jama'a. A Cincinnati ya haɗu da mawaƙiya Leona Johnson, suka yi aure a 1946, suka zauna tare har ƙarshen ransa. 'Yarsu guda ya sa mata suna Merle.

Steve Sholes, mai kula da sashen kantiri na RCA Victor, shi ya neme shi ya ɗauke shi a 1947. Faya-fayansa na farko ba su yi kasuwa ba. Abin da ya ba shi wurin zama shi ne haɗuwarsa da Maybelle Carter da 'ya'yanta mata, waɗanda ya bi zuwa Nashville a 1950 lokacin da aka gayyace su shirin Grand Ole Opry, babban dandalin kantiri da tashar WSM ke watsawa. Sholes yana New York, ba kullum yake iya zuwa ba, sai ya riƙa ɗora wa Atkins tara makaɗa da shirya zaman ɗauka. Ta wannan ƙofa ya shiga aikin furodusa, ba tare da ya nema ba.

Guguwar da ta zo daga cikin gida

A ƙarshen 1955 Sholes ya sayi kwantiragin wani matashi daga ƙaramin kamfanin Sun na Memphis a kan dala 35,000, kuɗin da a lokacin aka ga ya yi yawa. Matashin shi ne Elvis Presley. Ranar 10 ga Janairu, 1956, aka ɗauki “Heartbreak Hotel” a Nashville, Atkins na cikin masu jita, Floyd Cramer na kan fiyano. A shekarar da ta biyo baya Atkins ya yi kiɗa a faya-fayan Everly Brothers, 'ya'yan Ike Everly ɗin nan da ya koya wa Travis.

Wannan sabon kiɗa na matasa ya kwashe kasuwa gaba ɗaya. Yaran kudu da iyayensu suka tashi da goge da banjo suka juya musu baya. Gidajen rediyo suka riƙa sauya shirye-shirye ɗaya bayan ɗaya, mawaƙan kantiri suka ga taron da ke zuwa kallonsu yana raguwa. A 1958 masu harkar suka kafa ƙungiyar Country Music Association don ceto sana'arsu, kuma ƙidayar da ta yi a 1961 ta nuna tashoshi 81 ne kacal a faɗin Amurka ke watsa kantiri cikakken lokaci. Cikin wannan yanayi ne, a 1957, aka ƙara wa Sholes girma saboda nasarar Elvis, aka miƙa wa Atkins ragamar Nashville da sabon sutudiyon da aka gina, wanda daga baya aka san shi da RCA Studio B.

Lissafin da ya yi mai sauƙi ne. Matasa sun tafi, ba za su dawo ba a yanzu. Amma akwai iyayensu, akwai matan aure a birane, akwai mutanen da suka bar gona suka sami aikin masana'anta, waɗanda ke son labarin da ke cikin waƙar kantiri, na rabuwa da kewa da nadama, amma ba sa son a tuna musu da ƙauyen da suka baro. Don haka ya ajiye gogen ƙauye mai kaifi, ya ajiye jitar kwance da ake gogawa da ƙarfe tana kuka, ya hana waƙa ta hanci. A gurbinsu ya kawo fiyano mai laushi, da 'yan amshi masu jituwar murya irin su Jordanaires da Anita Kerr Singers, daga baya kuma jerin goge masu taushi irin na manyan ƙungiyoyin kiɗan birni. Ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba. Owen Bradley na kamfanin Decca yana yin irinsa da Patsy Cline a wani sutudiyo da ba shi da nisa. Su biyun ne ake jingina wa abin da aka kira Sautin Nashville.

Gwajin da ya fi fito da abin fili shi ne na Don Gibson a Disamban 1957. Gibson ya sha yin faya-fayai, mafi yawansu ba su je ko'ina ba. Atkins ya cire goge da jitar ƙarfe, ya sa makirufo kusa da babbar ganga don bugun ya fito, aka ɗauki “Oh Lonesome Me” da “I Can't Stop Loving You” a zama ɗaya, aka buga su gaba da bayan faifai guda. Ta farkon ta hau saman jadawalin kantiri na mujallar Billboard ta kuma shiga goman farko a jadawalin gama-gari. Ta biyun Ray Charles ya sake rerawa a 1962 ta zagaye duniya.

Yadda ake aikin kansa abin a tsaya a duba ne. Dokar ƙungiyar makaɗa ta ce zama ɗaya awa uku ne, kuma a cikin awa ukun ana sa ran fitar da waƙa uku zuwa huɗu. Makaɗan kusan mutane ɗaya ne ke zagayawa daga wannan sutudiyo zuwa wancan, safe da rana da dare: Cramer a fiyano, Bob Moore a babbar jitar tsaye, Buddy Harman a ganguna, Grady Martin da Hank Garland da Harold Bradley a jita, Boots Randolph da ƙahonsa. Mawaƙi zai rera musu sabuwar waƙa sau ɗaya ko biyu, kowa ya ɗauko nasa ɓangaren da ka, ba tare da an rubuta masa ba. Neal Matthews na Jordanaires ya fito da dabarar rubuta tafiyar waƙa da lambobi maimakon haruffan kiɗa, ta yadda in mawaƙi ya ce a ɗaga ko a sauke masa murya ba sai an sake rubutu ba. Har yau da wannan tsari ake aiki a Nashville. Injiniya Bill Porter kuwa ya ga ɗakin yana dawo da sauti ba daidai ba, ya yanka allunan rufi masu arha ya rataye su daga sama, ya kuma yi alama a ƙasa a wuraren da murya ta fi fita da kyau.

Salon shugabancin Atkins a wannan ɗaki shi ne rashin yawan magana. Ya yarda cewa in ka zaɓi waƙa mai kyau, ka tara gwanaye, aikinka ya kusa ƙarewa. Kasancewarsa makaɗin da duk wanda ke ɗakin ke girmamawa ya sa kalma ɗaya daga gare shi ta isa.

Jim Reeves ne ya fi kowa cin moriyar wannan tsari. Tsohon ɗan wasan ƙwallon sanda ne kuma mai gabatar da shiri a rediyo daga jihar Texas, wanda ya fara suna da waƙoƙin ɗaga murya irin na wancan zamani. A 1957, wajen ɗaukar “Four Walls”, ya matso daf da makirufo ya sauke murya kamar mai yi wa mutum ɗaya magana. Atkins ya bar shi, ya rage kayan kiɗan da ke kewaye da shi don kada su danne shi. “He'll Have to Go”, da aka ɗauka a ƙarshen 1959, ta yi mako 14 a matsayi na ɗaya a jadawalin kantiri a 1960, ta kai na biyu a na gama-gari. Wannan taushin da bayyanar kowace kalma su ne suka sa muryarsa ta ratsa ƙasashen da Turanci ba harshen uwa ba ne, daga Norway zuwa Indiya da Sri Lanka, zuwa Kenya da Najeriya. A 1962 Reeves da Atkins da Cramer sun yi rangadi a Afirka ta Kudu, lokacin da mulkin wariyar launin fata ke kan ganiyarsa, Reeves har ya yi waƙoƙi da harshen Afrikaans. Wannan ma yana cikin tarihinsu, ba a goge shi. Ranar 31 ga Yuli, 1964, ƙaramin jirgin da Reeves ke tuƙawa ya faɗi kusa da Nashville cikin hadari, ya rasu yana shekara 40. An ci gaba da fitar da waƙoƙin da ya bari ana ɗora musu sabon kiɗa, har “Distant Drums” ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1966.

A waɗannan shekaru ɗakin bai huta ba. The Browns, Hank Locklin, Skeeter Davis, da Eddy Arnold wanda aka ɗauka zamaninsa ya wuce sai ga shi ya dawo a 1965, duk sun wuce ta hannunsa. A 1968 aka naɗa shi mataimakin shugaban kamfani mai kula da sashen kantiri.

Abin da aka samu, abin da aka rasa

Akwai labarin da ya shahara a kansa. An tambaye shi mene ne Sautin Nashville, sai ya sa hannu a aljihu ya kaɗa silallan da ke ciki, ya nuna cewa ƙarar kuɗin nan ita ce amsar. Bai ɓoye cewa kasuwa yake bi ba. Daga baya kuma ya fito ya nuna damuwa cewa shi da abokan aikinsa sun ja kiɗan zuwa birni fiye da kima.

Mu a nan mun san irin wannan muhawara. Tun da fiyanon lantarki ya shiga sutudiyoyin Kano ya maye gurbin kalangu da kukuma a mafi yawan waƙoƙin zamani, ake gardama tsakanin masu cewa an kashe gado da masu cewa in ba don haka ba matasa da tuni sun bar waƙar Hausa baki ɗaya. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. A Amurka ma masu goge da jitar ƙarfe da yawa sun rasa aikin sutudiyo, kuma a birnin Bakersfield na California su Buck Owens da Merle Haggard suka riƙe kiɗa mai kaifi da gangan, suka kuma nuna cewa shi ma yana da masu saye.

A ganina abin da Atkins ya yi a 1957 daidai ne. Sana'a ce ke mutuwa a gabansa, da mutane masu iyali a cikinta, ya nemo mata hanya. Laifin ya zo ne daga baya, lokacin da maganin gaggawa ya zama doka, aka riƙa zuba kowane mawaƙi a ƙwarya ɗaya ko ta dace da shi ko ba ta dace ba.

Amma kafin a zo nan, akwai aikin da ya yi wanda ya fi duk waƙoƙin da ya fitar nauyi. A 1965 furodusa Jack Clement ya kawo masa kaset ɗin wani mawaƙi mai suna Charley Pride, ɗan manomin auduga daga Sledge a jihar Mississippi, baƙar fata. Shekara ɗaya ke nan da kafa dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a, kudu na tafasa, kuma masu sayen faya-fayan kantiri mafi yawansu fararen kudu ne. Tun bayan DeFord Bailey, mai busa da aka sallama daga Opry a 1941, babu wani baƙar fata da ya sami gindin zama a wannan fage. Atkins ya kai kaset ɗin gaban manyan kamfani, ya tsaya a kansa har aka ɗauki Pride. Faya-fayansa na farko a 1966 an aika wa gidajen rediyo ba tare da hotonsa ba, don mutane su fara son muryar kafin su ga fuskar. Ana iya kallon wannan dabara a matsayin sassauci ga masu wariya, kuma akwai gaskiya a hakan. Amma ta yi aiki. Pride ya hau dandalin Opry a 1967, ya zama gwarzon shekara na Country Music Association a 1971, ya kuma zama ɗaya daga cikin mawaƙan da suka fi kawo wa RCA ciniki bayan Elvis. Mutumin da salon jitarsa ya gangaro daga Arnold Shultz ya sa muƙaminsa a kan layi don wani baƙar fata, a lokacin da ƙin yin hakan ba zai jawo masa zargi daga kowa a ofis ba.

Inda kunnensa ya gaza shi ne wajen Willie Nelson da Waylon Jennings. Dukansu biyu suna RCA tun tsakiyar shekarun 1960. Nelson marubucin waƙa ne da babu kamarsa, shi ya rubuta wa Patsy Cline “Crazy”, amma yana rera waƙa a bayan bugu, da wata murya da ba ta son ado. Aka yi ta lulluɓe shi da 'yan amshi da goge masu taushi, faya-fayan suka ƙi tafiya. Jennings kuwa buƙatarsa ɗaya ce: a bar shi ya shiga sutudiyo da makaɗan da yake yawo da su, ba gwanayen kamfani ba. Tsarin bai yarda da haka ba. Nelson ya tattara ya koma Austin a jihar Texas a farkon shekarun 1970, kuma a 1975 ya fitar da “Red Headed Stranger” a kamfanin Columbia, faifai mai ƙarancin kayan kiɗa har manyan kamfanin suka ɗauka bai ƙarasa ba, sai ga shi ya sayu da miliyoyi. Jennings ya tsaya ya yi ta ja har ya sami kwantiragin da ya ba shi iko a kan kiɗansa. A 1976 RCA ta tattara waƙoƙinsu tare da na Jessi Colter da Tompall Glaser a faifan “Wanted! The Outlaws”, wanda ya zama faifan kantiri na farko da aka tabbatar ya sayar da kwafi miliyan ɗaya. Zamani ya juya, kuma wannan karon ba Atkins ne ya juya shi ba.

Komawa ga tsirkiya

Duk tsawon shekarun ofis bai ajiye jita ba. Tun 1955, shekarar da “Mr. Sandman” ta zama kiɗansa na farko da ya shiga jadawali, kamfanin Gretsch ke ƙera jita da sunansa bisa shawararsa. Ɗaya daga cikinsu, Country Gentleman, ita George Harrison na Beatles ya riƙe a farkon tashensu, kuma Harrison ne ya rubuta bayanin bayan kwali lokacin da Atkins ya yi faifan waƙoƙin Beatles a 1966. Yana da ɗakin ɗauka a gidansa inda yake kwance na'urori yana ɗaurawa da hannunsa, domin tun yana yaro yake son harkar lantarki. Amma aikin kamfani ya cinye masa lokaci, ya riƙa yin nasa faya-fayan a gurguje tsakanin na wasu.

A 1973 abubuwa biyu suka same shi. Aka shigar da shi zauren girmamawa na Country Music Hall of Fame yana shekara 49. A shekarar kuma aka gano yana da ciwon daji na hanji, aka yi masa aiki. Daga nan ya fara zare jiki daga ofis, ya bar wa wasu furodusoshi, ya koma neman makaɗan da zai zauna da su gwiwa da gwiwa. Ya riga ya yi faifai da Jerry Reed a 1970. A 1974 ya yi da Merle Travis kansa, mutumin da ya ji a rediyo shekara 35 da suka wuce, kuma faifan ya ci kyautar Grammy. A 1976 ya jawo Les Paul, wanda ya daɗe da janyewa, suka yi “Chester and Lester”, inda aka bar hirarsu da dariyarsu a cikin ɗaukar. Shi ma ya ci Grammy. Wanda ya saurari waɗannan faya-fayai zai ji mutumin da aka sauke wa kaya daga ka.

A 1982 ya bar RCA bayan shekara 35, saboda kamfanin ba ya marhabin da sha'awarsa ta yin jaz, ya koma Columbia. Wanda aka kora daga gidajen rediyo yana saurayi don kiɗansa bai cika ƙauyanci ba, a tsufansa ma kan wannan magana ya rabu da gidan da ya gina. A 1990 ya yi “Neck and Neck” da Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits, a 1997 kuma ya yi faifansa na ƙarshe da Tommy Emmanuel, ɗan Ostareliya wanda ya rubuto masa wasiƙa tun yana yaro ya kuma sami amsa.

Ciwon daji ya dawo masa a tsakiyar shekarun 1990. Ya rasu a gidansa a Nashville ranar 30 ga Yuni, 2001, yana shekara 77, aka yi taron bankwana da shi a zauren Ryman, tsohon gidan Opry. Ya bar Grammy 14, ban da ta girmamawa da aka ba shi a 1993, kuma sau tara Country Music Association tana zaɓensa gwarzon makaɗi na shekara. A 2002 aka shigar da shi Rock and Roll Hall of Fame. RCA ta daina amfani da Studio B a 1977, amma ɗakin yana nan, masu ziyara na shiga su ga fiyanon da alamomin ƙasa.

Da yake bai gama makarantar sakandare ba, ya ƙirƙiro wa kansa laƙabi mai haruffa uku, CGP, yana sa shi a bayan sunansa kamar yadda masu digiri ke yi, ma'ana makaɗin jita da aka tabbatar.  Mutum huɗu kawai ya bai wa laƙabin yana raye: Jerry Reed, John Knowles, Steve Wariner da Tommy Emmanuel. A 2011 'yarsa ta ba Paul Yandell, wanda ya shafe shekaru yana yi masa jita a gefe, sannan ta sanar cewa an rufe, ba za a sake bai wa kowa ba.